Maniku Ɗan Gaɓa da Farin Dutse

Rigimata da Maniku, ɗan kawuna, ta fara ne ranar da wasu Turawa biyu, mata da miji, suka tsaya a ƙofar gidana suna ƙyalƙyala dariya. Ina zaune ina murza igiyar ɓawon kwakwa a cinya, sai matar ta nuno ni da yatsa tana cewa, "Daleka? Daleka?" Na ce ni ce, lafiya? Sai ta wage baki ta rufe, ta sake wagewa ta rufe, mijin har da riƙe ciki. Ban ji yarensu ba, amma na san ba gaisuwa ba ce.

Kafin la'asar na bi diddigi na gano tushen abin. A Ƙaramin Tsibiri, inda Maniku ke kai baƙi kallon kifi, akwai wani dogon kifi mai siffar maciji da ke zaune cikin rami. Kai kawai yake leƙowa, baki a buɗe ko da yaushe, duk wanda ya matso ya kai masa cizo. Shi ne ɗan kawun nawa ya raɗa wa sunana. Shekara uku ke nan yana nuna ni ga mutanen duniya, ni ina nan gida ban sani ba.

Na same shi a bakin gaɓa yana ɗauraye gilasan da baƙi ke sawa a ido su kalli ƙasan ruwa cikin bokiti.

"Kai, Ɗan Gaɓa! Uban wa ya ba ka sunana ka kai wa maciji?"

"A'a, Yaya Daleka, sannu da zuwa. Ai ba maciji ba ne, kifi ne."

"Kifin gidanku!"

"Wallahi girmamawa ce, Yaya. Duk ruwan nan babu mai kwarjininta. Manyan kifaye ma ratse mata suke yi."

"To ka sa mata sunan matarka mana."

"Sanfa ai ba ta cizo."

Na sunkuya na ɗauki takalmin agwagwa ɗaya, irin wanda baƙi ke sawa su yi iyo, na kai masa duka. Ya goce yana dariya, ya ce, "Ki zo ki gan ta da idonki. In ba ku yi kama ba, na yarda in canja."

Haka yake. Ko maganar gishiri kuka fara da Maniku, a kan "zo ki gani" za ku ƙare. Na yi wata shida ban amsa gaisuwarsa ba.

Ubansa shi ne shugaban jirgin kamun kifin tuna mafi girma a tsibirinmu, mutum mai murya kamar aradu. A wurinmu namiji shi ne wanda ya fita can cikin babban teku tun asuba, ya dawo da yamma jirgi cike da tuna. Maniku na da shekara goma sha huɗu aka ɗora shi a jirgi. Ba su gama fita daga ruwan gaɓa ba ya fara amai. Ya yi amai har sai da ya koma kore. Aka ce sabo ne, zai saba. Aka sake ɗaukarsa, ya sake. Karo na uku ya yi shi a kan ƙafar ubansa, gaban mutum goma sha biyu. Daga ranar uban bai ƙara kallonsa da maganar jirgi ba, gari kuwa ya sa masa Ɗan Gaɓa, sunan da ya bi shi har furfura.

Sai ya dawo cikinmu mata. In ruwa ya janye mukan tafi Ƙaramin Tsibiri mu bi kan dutsen murjani muna farautar wani naman ruwa mai hannu takwas. Yadda ake yi, ka tauna kwakwa sosai, ka fesa a kan ruwa. Man ya bazu, ruwan ya kwanta lumui, sai ka hango ƙasa tar, ka ga raminsa, ka zira ƙarfe ka jawo shi. Maniku ya fi mu iyawa gaba ɗaya, abin da ya ƙara masa kunya ke nan. Yaro namiji, kumatu cike da kwakwa, a tsakiyar zannuwa. In jiragen tuna sun wuto, sai ya juya musu baya ya yi kamar yana gyara wando.

Yana da kamar shekara ashirin wani baƙo ya tsaya da ɗan jirginsa mai tafiya da iska yana neman ruwan sha. Maniku ya kai masa ruwa da kwakwa, shi kuma ya ba shi tsohon gilashin ruwa da bututun numfashi. Ina wurin ranar da ya fara gwadawa. Ya kifa fuska cikin ruwa, ya daɗe har muka fara kiran sunansa. Da ya ɗago, ido waje, kamar wanda aka yi wa albishir da Aljanna.

"Yaya, gari ne! Wallahi gari ne a ƙasan nan! Akwai unguwanni, akwai hanyoyi. Akwai kifi shuɗi mai wutsiya ruwan ɗorawa, akwai mai baki kamar aku yana gaigayar dutse, ana jin ƙarar haƙoransa!"

Na ce, "Shekara nawa muna kallon ƙasan nan kafin a yaye ka?"

"Daga sama kuke kallo. Wannan ba kallo ba ne. Kamar mutum ne ya hau rufin gida ya ce ya san mutanen ciki. Ungo, sa ki gani."

"In sa abin da wani ƙato ya tsotsa a bakina? Allah ya kiyaye."

Ya bi mata ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ƙi. Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci da gilashinsa a hannu yana bai wa maza labari. Su kuwa kifin da suka sani shi ne wanda ya mutu a cikin jirgi, toka-toka, kuma kifin dutse ma ba abin da mai mutunci ke kawowa gida ba ne. Wani dattijo cikin abokan ubansa ya ce, "Yanzu kai so kake namiji da gemunsa ya kwanta rub da ciki a kan ruwa, ɗuwawu a sama, yana leƙen kifi kamar mai leƙen makewayi?" Aka tuntsire. Maniku ya mayar da gilashinsa cikin riga ya tafi gida. Daga nan aka ƙara masa da cewa yana da ƙarin gishiri a zance.

Ya auri Sanfa, mace mai sanyin hali, wadda ruwa in ya wuce gwiwarta sai salati. Ita ma ya lallashe ta shekara da shekaru. Iyakar abin da ya samu, ta riƙe gilashin a hannu ta ce, "Yana da kyau, Baban Shifaza," ta goge masa shi da gefen zane.

Can sai zamani ya juya. Baƙi suka fara zuwa, aka buɗe masaukai biyu a tsibirinmu. Gwamnati ta killace Ƙaramin Tsibiri da ruwan da ke kewaye da shi, aka jera manyan ƙwallaye ja a kan ruwa, aka ce daga nan zuwa nan ba kamu, ba farauta, ba ɗiban ko da wuri ɗaya. Aka nemi wanda ya san wurin. Wa ya sani in ba Ɗan Gaɓa ba? Aka ba shi riga mai tambari da usur da kwalekwale mai inji. Mutumin da aka yi wa dariya shekara ashirin, ga shi da usur a wuya.

Kada ku ɗauka ya huta. Ni ban taɓa ganin mutumin da aikin da yake so ya ba wa takaici kamar Maniku ba. Kullum da safe sai ya jera baƙi a kan farin yashin tsibirin nan, wurin da ba ka jin komai sai tsuntsu da motsin ruwa, ya yi musu bayani da 'yan kalmomin da ya tsinta da kuma hannu: kar a taka, kar a taɓa, kar a ba kifi burodi. Su gyaɗa kai duka. Da an shiga ruwa, sai wani mai tumbi ya miƙe tsaye a kan reshen murjanin da ya fi shi shekaru, wai yana gyara gilashi. Ƙaras! Maniku ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi, mutumin ya ɗago masa hannu yana murmushi, ya ɗauka gaisuwa ce. Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Sanfa ta zuba masa romon kifi a kan shinkafa, ta matsa lemun tsami, ya zauna yana jujjuya cokali yana cewa, "Sun karya na wajen gabas. Tun ina saurayi nake kallonsa yana girma."

Mu ma bai bar mu ba. Ni da kaina ya kama ni a cikin ƙwallayen nan da ƙarfena, ya karɓe.

"Yaya, doka ce."

"Dokar ta san uwarka a nan ta ciyar da kai?"

"Ta sani. Ba ni ƙarfen."

Ya kai min shi gida da yamma, ya jingine a bakin ƙofa, ya haɗa da kifi banda guda biyu. Na karɓi kifin, na zage shi.

Abin da ya fi cin ransa shi ne mu. Yakan ce, "Mutum ya baro ƙasarsu, ya kwana a jirgin sama, ya zo don ya kalli abin da ke bayan gidanku. Ku kuwa tafiyar da ba ta kai a dafa shayi a sha ba, kun ƙi." Yara masu tasowa sun koya, suna shiga, suna ɗaukar hotuna. Amma ba shaidarsu yake so ba. Shi so yake ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa dariya ya kifa fuska, ya ɗago, ya ce, "Maniku, ashe gaskiyarka ce." Masu dariyar kuwa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun jiƙa goshi ba. Duk jana'izar da aka yi sai ya dawo ya fi iyalan mamacin ɓacin rai.

Ya haura sittin sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari yana ta goge gilashi yana zagin gilashin. Daga baya ya fara kiran Sanfa da sunan maƙwabciya in ta taho daga nesa. Aka karɓi usur aka ba wasu ma'aikata da aka turo daga Male, babban birnin ƙasarmu, aka bar masa kwalekwalen don mutunci. Bai daina zuwa ba. Hanyar nan ko a makance zai bi ta.

A wannan shekarar ce iska ta ɗauke wata da watanni, ruwan teku ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Maniku ya shiga wata safiya ya fito jiki a sanyaye. Ya ce wa Sanfa komai fari yake gani a ƙasa. Inda ja yake fari, inda kore yake fari.

'Yarsu Shifaza, wadda ke aure a Male, ta riga ta nema masa ranar da likita zai cire yanar. An ce aiki ne na ɗan lokaci, mutum ya tashi yana gani. Maniku kuwa tsoron wuƙa a ido yake kamar me, ga tafiyar yini guda a jirgin da ya san zai yi amai tun daga tashi har sauka. Sai ya kafe a kan magana ɗaya. In farin nan a idonsa yake, zai je a yanka, don ya dawo ya ga wurinsa. In kuwa a dutsen yake, to a bar shi da yanarsa, ba abin da ya rage da zai sha wahala don ya gani.

Sanfa ta san gaskiya, don ma'aikatan sun faɗa mata dutsen ne ya lalace saboda zafin ruwa. Sai ta bi gari gida gida tana roƙo. Duk wanda Maniku ya tambaya, ya ce masa wurin na nan lafiya lau. Ma'aikata suka ce lafiya lau. Masu masauki suka ce lafiya lau. Har limamin da bai taɓa taka Ƙaramin Tsibiri ba ya ce ya ji an ce lafiya lau. Maniku ba yaro ba ne. Garin da ya yi shekara arba'in yana cewa wurin nan ba komai, rana ɗaya kowa ya zama mai yabonsa?

Ranar Alhamis, saura kwana biyu jirgin Male ya tashi, ya shigo gidana yana laluben bango.

"Yaya Daleka, alfarma na zo nema."

"Ba ni da ita."

"Ki bi ni gobe ki duba min."

"Duk garin nan ka rasa mai ido sai tsohuwa?"

"Masu ido sun yi yawa. Mai bakin da ba ya shafa wa magana mai nake nema. Tun da nake ban taɓa jin kin faɗa wa mutum abin da zai ji daɗi ba."

"Yabo ne wannan ko zagi?"

"Ɗauki wanda ya yi miki."

Yana fita Sanfa ta shigo ta ƙofar baya, ta durƙusa ta kama ƙafata. "Yaya, don girman Allah, ki ce masa yana nan da kyau. Sau ɗaya tak ki yi ƙarya. In bai je ba makancewa zai yi." Na ce ta tashi, ta sakar min ƙafa. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Ni kaina ban san abin da zan yi ba.

Da hantsi muka isa. Rabona da tsibirin tun ranar ƙarfe. Yashin na nan fari sol, ba kowa, sai ƙaguwa na gudu. Ya ɗaura min rigar da ke hana nutsewa a kan doguwar rigata, ya ja igiyoyin har na ce kashe ni zai yi. Ya sa min gilashi, ya miƙo bututun.

"Ki cije nan da haƙori."

"Wane haƙorin?"

Na buɗe masa baki ya kawo fuska kusa ya leƙa. Guda biyu suka rage, kuma ba sa fuskantar juna. Muka gwada, dasashi ya ƙi riƙewa, bututun ya zame, na sha ruwan gishiri na yi ta tari ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. Maniku ya dafe kai. "Shekara arba'in ina binki, sai da haƙoran suka ƙare kika zo."

"Ka yi min shiru. Jefar da abin nan. Numfashina zan riƙe."

Ya kama ni a damtse ya ja ni, ƙafafuna suka bar ƙasa, na kira sunan Allah. Yana iyo yana lissafa wurare da ka, ga dutse kaza a dama, ga rami kaza a gaba. Can ya tsaya ya ce, "Nan ne tsakiyar garin. Kifa."

Na ja numfashi na kifa.

Gaskiyarsa ce, daga sama ba kallo ba ne. Ƙasa ta buɗe a ƙarƙashina, na ga kaina ina shawagi kamar tsuntsuwa. Ga unguwannin da yake faɗa, ga hanyoyin, ga rassa kamar na itace, ga wasu kamar faifai an jera, ga wasu kamar ƙwarya an kife. Amma duk fari. Fari irin na ƙashin da ya daɗe a rana. Wasu ma har wani datti ruwan ƙasa ya fara hawansu. Kifi 'yan ƙalilan suna zagayawa kamar masu neman gidan da aka tashi. Na ɗago na shaƙi iska na sake komawa, sau huɗu ko biyar. A na ƙarshe, can ƙarƙashin wani faifan dutse, a inuwa, na hango wani ɗan abu bai fi babban yatsa ba, mai kawuna uku, shuɗi shar kamar an tsoma shi a baba.

Ya jawo ni zuwa inda ƙafa ke taɓa yashi. Ya cire gilashinsa, ya juyo da idanun nan masu hazo wajena.

"To, Yaya?"

Na tuna Sanfa a durƙushe. Na buɗe baki in ce lafiya lau, wallahi harshen ya ƙi juyawa. Wani baƙin ciki ne ya taso min, na shekarun da wurin nan ke raye ina tofa masa kwakwa daga sama.

"Ba idonka ba ne. Dutsen ne. Fari fat, daga nan har can."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya fita ya zauna a kan yashi, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Na gode. Dama na sani. Sai a gaya wa Shifaza ta bar wahalar da kanta."

A nan muka yi maganarmu ta ƙarshe. Ranar Asabar ya hau jirgin Male, an ce ya yi amai tun daga tashi har sauka. An cire yanar, ya gani, har ya aiko a gaya min yana tafe bayan Salla. Ciwon ƙirji ya riga shi, aka binne shi a can. Ni kuwa har yau ba wanda ya ba ni amsar abin da na tambaye shi ranar nan a kan yashi.

Ranar dai, da ya faɗi haka, na fito daga ruwa ina jan jiƙaƙƙiyar riga, na tsaya a kansa na ce:

"Ta bar wahalar da kanta? Kai, Ɗan Gaɓa, ka raina ni. Ka ishe ni shekara arba'in da zo ki gani, zo ki gani, na zo ka nuna min maƙabarta, sannan ka ce za ka naɗe hannu ka makance? To akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin faifan dutsen can, kamar yatsa, shuɗi, mai kai uku. Ban san ko sabo ne yake fitowa ba, ko tsoho ne ya ƙi mutuwa. Waɗancan masu riga mai tambarin ba su san ma yana wurin ba, ni kuma ba zan sake shan ruwan gishiri don kowa ba. Ka tashi ka je a kankare maka idon nan, ka dawo ka duba, ka zo har gida ka gaya min mene ne. Kuma ka kwance min wannan shegiyar rigar kafin ta tsinka min haƙarƙari."